Alƙalin da Na Kashe a Babi na Uku

Littafin na fara sani kafin mutumin. Da na gama makarantar lauyoyi na kama aiki a ofishin wani dattijon lauya a Kano, kuma a kan kantar da ke bayan kujerarsa akwai wasu tafka-tafkan littattafai biyu masu jan bango. Sharhi ne a kan dokar shaida, wato ƙa'idojin abin da kotu za ta saurara da abin da za ta toshe kunnenta a kai. Wani alƙali ɗan Indiya ne ya rubuta shi. Dokar shaidarmu da ta Indiya da ta Malesiya duk 'yan ɗaki ɗaya ne, Turawan mulki ne suka bar mana, shi ya sa lauyan Kano zai buɗe littafin Ba'indiye ya tsinci abin da zai fid da shi kunya a gaban mai shari'a. Maigidan nawa in ya buɗe littafin sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, tsohon nan." Bai taɓa ƙara komai a kan haka ba.

Shekaru suka ja, na samu tallafin karatu zuwa Kuala Lumpur don yin digiri na uku. Da aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai, ban wahalar da kaina ba, na ce tasirin sharhin wannan alƙali a kotunan Najeriya da na Malesiya. Muka kama gida ni da matata a Pantai Dalam, hawa na goma sha huɗu, ɗaki ɗaya da falo da ɗan baranda da ke kallon layin jirgin ƙasa. Lokacin ba mu haihu ba tukuna.

Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle. Jami'a ta rufe, laburare ya rufe, masallaci ya rufe. Mutum ɗaya ne a kowane gida yake da izinin fita cefane. Sa'ar da na yi ita ce na aro littattafan nan biyu kwana guda kafin a garƙame ƙofa. Na zauna da su a falo na rubuta babi na uku, wanda ya shafi rayuwar marubucin da salon rubutunsa.

A bayan littafin akwai hotonsa, irin na dā marar kala, kuma a hoton ma ya riga ya yi furfura. Bugun da ke hannuna tsoho ne. Na duba intanet ban ga wani sabon labari a kansa ba. Na tuna yadda maigidana yake cewa "Allah sarki". Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci. Duk inda sunansa ya fito a babin, na sa masa "marigayi" a gaba.

Mai duba aikina wata farfesa ce 'yar Malesiya, ƙaramar mace mai sanyin murya. Ta karanta ta kira ni a waya.

"Babin boleh lah," in ji ta, wato ba laifi. "Amma tarihin rayuwarsa ya yi kaɗan. Ka rubuta wa kamfanin da ke buga littafin, ko za su haɗa ka da iyalinsa."

Na rubuta wasiƙa mai kyau. Na haɗa da babin gaba ɗaya don su ga da gaske nake. A ƙarshe na ƙara da cewa ina miƙa ta'aziyyata ga iyalan mamacin, duk da ta zo a makare.

Bayan mako biyu, ina tsaye a layi a ƙofar mamak ɗin unguwarmu, irin shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, ina jiran a ƙunsa mini roti, irin gurasarsu, in tafi da shi gida, sai wayata ta yi ƙara. Imel ne. Na karanta shi da takunkumi a fuska, tabarau yana ta yin hazo.

"Kamfanin ɗab'i ya turo mini wasiƙarka da babinka. Na karanta cewa na rasu. Ni ban samu labari ba, matata ma ta ce ba ta lura ba. Tun da kai ka yi da'awa, kai za ka kawo hujja. Ranar Talata, ƙarfe goma na safe agogonmu, ta bidiyo. Ta'aziyyar kuma na karɓa a madadin iyalina."

Mai auna zafin jiki a ƙofa ya ɗora mini na'urarsa a goshi sau biyu, don gumin da ya ga yana keto mini bai yarda da shi ba.

Na koma gida na miƙa wa matata wayar. Ta karanta, ta zauna a ƙasa, ta yi dariya har da hawaye.

"Barista," ta ce, don haka take kirana in za ta tsokane ni, "ka zo ƙasar mutane ka yi kisan kai daga kan kujera."

"Hajiya, wannan ba abin dariya ba ne. Mutumin nan tsohon alƙalin babbar kotu ne."

"To ai ka ji daɗi. Wanda ka kashe shi zai yi maka shari'a, ka ga ba sai an nemo shaidu ba."

Na kira farfesa ina zaton za ta tausaya mini. Sai na ji wani sauti kamar ana tace ruwa. Ashe dariya take dannewa. Ta ce in je in fuskanci abin da na ja, kuma in roƙe shi ya yarda a naɗi hirar, don babu ɗalibinta da ya taɓa samun damar yi wa mamaci tambayoyi.

Kwana huɗu na yi ina shirya kariya. Akwai wani sashe a dokar shaida da ya ce in an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba, kotu tana iya ɗauka ya mutu. Na ce alhamdulillahi, da makaminsa zan yaƙe shi. Matsala ta biyu ita ce sumata. Masu aski duk a rufe suke, kaina ya zama kamar sheƙar shamuwa. Matata ta ce za ta iya. Ta ɗauki injin askin da muka saya ta fara daga ƙeya, hannunta ya zame, ta buɗe mini wata hanya tun daga kunnen dama har tsakar kai. Ta yi ƙoƙarin daidaita hagu da dama, aka samu hanyoyi biyu. Ranar Talata na sa kwat da laktaye, na ɗora hula zanna a kai.

Ƙarfe goman safiyarsu sha biyu da rabi ne a wajenmu. Aka haɗa kiran. Abin da na fara gani fankar sama ce tana juyawa. Daga nan sai wani ƙaton kunne mai gashi fari ya cika allon.

"Ba na jin kowa!" in ji kunnen. "Lauyan ya gudu ne?"

Sai muryar mace ta yi magana cikin yarensu, wani hannu ya janye wayar ya jingina ta da wani abu. Ga shi nan. Tsoho ne siriri ya haura casa'in, da farar riga da tabarau mai kauri, yana zaune a miƙe kamar an dasa shi. A gefensa wata tsohuwa da furfura a ɗaure a ƙeya, tana ɗago mini hannu. Matarsa ce.

Na gaishe shi da Turanci, da duk girmamawar da na sani. Ya dube ni tsaf.

"A kotuna, mai hula sai ya faɗi dalili."

"Al'adarmu ce, ranka ya daɗe."

"Da kwat?"

Na cire hular. Tsohuwar ta matso kusa da allon ta duba, ta rufe baki da gefen mayafinta. Shi kuwa ya ce, "Kotu ta gamsu. Mayar."

Daga nan ya shiga titsiye ni.

"Ka ga gawata?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka halarci jana'izata?"

"A'a."

"Wani ya faɗa maka na mutu?"

"Babu wanda ya faɗa da baki."

"To ka ji. Na ƙarar da rayuwata ina gaya wa mutane cewa ji-ta-ji-ta ba hujja ba ce. Yau ga wanda ko ji-ta-ji-tar ma bai samu ba."

Na gyara zama na fito da makamina. Na ce, da izinin kotu, doka ta ba da damar a ɗauka mutum ya mutu in an shekara bakwai ba a ji labarinsa ba, kuma ni na fi shekara goma ban ji nasa ba. Idonsa ya yi haske kamar an miƙa wa yaro alewa.

"Karanto mini ƙarshen sashen."

Na buɗe littafinsa na karanta. Ƙarshen ya ce rashin jin labarin sai ya kasance daga mutanen da bisa al'ada za su ji shi in yana raye.

"Kai ɗana ne?"

"A'a."

"Maƙwabcina ne? Kai ne mai kawo mana madara da safe?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To a kan wane dalili zan riƙa aika maka da labarin lafiyata har Kano?"

Matata tana bayan ƙofar kicin, ina jin tana dukan bango a hankali. Na ce na amsa laifina, ina neman sassauci. Ya ce hukuncina shi ne kowace Talata in karanta masa shafi goma na kundina da babbar murya, don idonsa ya yi rauni, kuma kullen ya hana shi samun wanda zai yi wa gardama sai matarsa, ita kuwa ta daina amsa masa tun da daɗewa.

Haka Talata ta zama ranar kotu a gidanmu. In na karanta layi biyu sai ya tsayar da ni, ko don ya gyara, ko don wani abu ya tuna masa da labari. A haka na samu tarihin da farfesa ta ce ya yi kaɗan. A wani ƙaramin gari a kudancin Indiya aka haife shi. Mahaifinsa yana zama ne a gindin bishiya a ƙofar kotu da ɗan tebur, yana rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba takardar ƙara. A nan ya ce ya fara jin yadda mutum yake ba da labari iri ɗaya a gindin bishiya, in ya shiga ciki ya ba da wani daban.

Shari'arsa ta farko a matsayin lauya a kan bauna ce, irin wadda suke kiwo suna tatsa. Mutum biyu kowa ya ce tasa ce. Ya tara shaidu goma sha ɗaya, kowa ya rantse ya san baunar tun tana 'yar maraƙa. Lauyan ɗaya ɓangaren bai kawo kowa ba, sai ya roƙi kotu a kai baunar bakin kasuwa a sake ta a ga gidan da za ta nufa. Aka sake ta, mai shari'a da lauyoyi da 'yan kallo suka bi ta a baya. Ta wuce gidan mai ƙara, ta wuce gidan wanda ake ƙara, ta shiga gidan wani mutum na uku da ya yi wata guda yana cigiyarta.

"Tun daga ranar," in ji shi, "na daina raina shaidar da ba ta magana."

"Akuya ce," in ji matarsa daga gefe. "Lokacin da ya fara ba ni labarin akuya ce. Kowace shekara ƙara girma take yi."

Littafin ma haushi ne ya haife shi. Yana ƙaramin alƙali, kotun sama ta rushe masa wani hukunci saboda ya karɓi shaidar da bai kamata ba. Ya ji zafin abin har ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya fara tara kowane hukunci da ya shafi shaida, don kada a sake. Littafi ɗaya ya zama goma, goma ya cika akwati. Ya hau har babbar kotu, ya yi ritaya, amma bai daina ƙara wa littafin sabbin hukunce-hukunce ba.

Wata Talata matata ta shigo da tata ƙarar. Ta aike ni in sayo garin shinkafa don tuwo. Na tsaya a kanti ina duba jakunkuna biyu masu kama da juna, duk rubutun da Malayanci, na ɗauki wadda ta fi kyan hoto. Ashe garin shinkafar nan ce mai danƙo da suke yin kayan zaƙi da ita. Ta tuƙa, abin ya kama muciya ya ƙi saki. Ina cikin karanta shafi na huɗu ta fito da hijabinta ta tsaya a bayana.

"Baba, ina da ƙara," ta ce masa. Tun ranar farko Baba take ce masa, matarsa kuma Mama.

"Kotu tana saurare."

Ta ɗaga muciyar sama, tukunyar ta biyo ta tana lilo.

Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce jakunkunan sun yi kama. Ya ce wannan bayani ne, ba kariya ba. Matata ta fassara masa karin maganarmu cewa gani ya kori ji, ya sa ta maimaita sau biyu, ya ce da ya san shi tun da wuri da ya rage wa kansa shafi ɗari. Hukuncin shi ne ni zan cinye, kuma daga yau in na shiga kanti sai na nuna mata kaya ta bidiyo kafin in ɗauka. Mama ta tausaya mini, ta koya wa matata yadda za ta haɗa sauran garin da kwakwa da sukari. Daga nan matata ta gano cewa su Mama ma suna cin zogale, har 'ya'yansa suke sa wa miya. Tun daga ranar sai an ba su minti ashirin na farko suna hirar girki, ni da mai shari'a muna zaune muna kallon juna.

Sai muka iso sashen da na fi alfahari da shi, inda na yi bayanin salon rubutunsa. Na rubuta cewa abin da ya sa lauyoyi daga Kano har Kuala Lumpur suke son littafin shi ne gajerun jimlolinsa, kowace kamar saran gatari, ba kwana-kwana. Na kawo misalai. Ina karantawa yana lumshe ido yana gyaɗa kai. Ya ce in maimaita wajen gatarin. Na maimaita.

Sai na ga kafaɗun Mama suna rawa.

"Me ya faru?" ya tambaye ta.

"Ba komai."

"A kotu ba a dariya ba dalili."

Ta share ido ta dube ni. "Ɗana, mutumin nan bai taɓa rubuta gajeriyar jimla ba a rayuwarsa. Ko takardar cefane ya rubuta sai ta kai shafi biyu."

Ta ce shi da hannu yake rubutu, ita take bugawa a tafireta, tun bugun farko. A makon farko yatsunta suka kumbura, sai ta fara yanke abin da ta ga maimaici ne. Ya karanta bai ce komai ba. Ta ƙara yankewa. Ya karanta ya ce mata, "Kin ga, ashe na iya rubutu." Daga nan ba ta sake waiwaya ba, fiye da shekara arba'in.

Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce wannan da'awa ce mai nauyi, ina hujja?

Ta tashi a hankali ta fita. Muka ji ana jan wani abu a ƙasa. Ta dawo da akwatin ƙarfe, ta buɗe, ta zaro wani tsohon littafin rubutu da takardunsa suka yi ja. Ta ce in faɗi misalin da na fi so. Na faɗa, layi biyu ne a littafin da ke gabana. Ta lalubo wajen ta ɗaga wa kyamara. Rubutunsa ne, ƙanana kamar tururuwa. Ta sa yatsa a farkon jimlar ta bi ta har ƙasan shafi, ta juya, ta ci gaba har tsakiyar na biyu kafin a samu aya.

Ya karɓi littafin ya kai shi dab da hancinsa.

"Kotu ta ɗage zama," ya ce, ya kifa wayar.

Sai dai bai san yadda ake kashe kira ba. Allon ya yi duhu amma muna jin komai. Suka shiga cacar baki cikin yarensu, shi da dogayen jimloli, ita da gajeru. Na kai hannu zan kashe, matata ta riƙe ni, wai in na kashe zai ji ƙarar ya san mun ji. Muka zauna kamar gumaka kusan kwata, ba mu fahimtar ko kalma ɗaya, har aka kira azahar a ɗaya wayar tawa, na yi wuf na kashe duka biyun.

Na kwana bakwai ina zaton na raba auren da ya girme ni. Talata ta zagayo, aka kira kamar kullum. Ya zauna a miƙe ya ce ya duba littattafan rubutu tara a cikin makon, ya gwada su da abin da aka buga.

"An karɓi hujjar. Babinka ba daidai ba ne, sai ka sake shi. Gatarin nata ne." Sai ya ƙara da cewa, "Amma icen nawa ne, ka rubuta wannan ma."

Na gaya wa farfesa ina fargabar za ta ce aikin wata shida ya zube. Ta ce wannan ne abu na farko a kundina da ba wanda ya taɓa faɗa, in sake babin tun daga tushe, kuma in nemi izinin Mama a sa hotunan shafukan. Na sake. Yanzu mutum biyu ne suke gyara mini, kuma ba su cika yarda da juna ba.

Ana cikin haka cutar ta yi tsanani a Indiya. Wata Talata na sa kwat na zauna, ba a kira ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Ta biyu ma haka. Na rubuta wa kamfanin ɗab'i, su ma a rufe suke. Matata ta daina tsokanata, kullum bayan salla sai in ji tana ambatonsu. A Talata ta huɗu wayar ta yi ƙara, na ɗauka, sai ga kunnen nan ya cika allo.

"Kana ji na? Maƙwabciyarmu ce ta nuna mini inda ake dannawa."

Na ce ina ji, amma ya janye wayar daga kunnensa. Ya janye. Ya rame, rigarsa ba guga. Ya ce Mama ce ta kamu, ta yi kwanaki a asibiti, an hana shi zuwa ganinta. Jiya aka sallamo ta. Ya juya wayar, ga ta kwance an tokare ta da matasai, ta ɗago yatsu biyu. Matata ta fashe da kuka, Mama ta ce mata ta bari, ta gaya mata ko zogalen da ta shuka a baranda ya fito.

Ya ce a kwanakin da ba ta nan ya rasa abin yi, sai ya zauna ya rubuta gabatarwar sabon bugun littafin, wadda a ciki ya bayyana wa duniya gaskiyar wanda ya yi me. Shafi shida. Ya ce zai karanta mana. Ya karanta shafi ɗaya da rabi, bai kai ga aya ba, sai Mama ta miƙo hannu. Ya ba ta takardun. Ta nemi fensir. Muna kallo ta bi shafi bayan shafi tana ja, numfashinta yana fita da ƙyar, shi kuma yana cewa, "Wannan wajen yana da muhimmanci," tana ja. Ta miƙa masa layi huɗu.

Ya ce to, amma akwai abin da ba za ta taɓa ba. Ya riga ya yanke cewa a bangon littafin, a ƙarƙashin sunansa, za a rubuta "tare da gagarumin taimakon" sannan sunanta. Ta karɓi takardar ta duba. Ta ja layi a kan kalmomin duka, ta rubuta "da" a samansu, ya zama sunansa da nata a matsayin marubuta.

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

Na kare kundina a gaban masu jarrabawa ta bidiyo daga wannan falon, da kwat da kai mai aski na gaske, don an buɗe masu aski. Na ci, amma da gyara. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya rubuta cewa aikin yana da kyau sai dai jimlolina sun cika tsawo. Na yi kuskuren karanta wa mai shari'a da Mama wannan a Talatar da ta biyo baya. Mama, wadda zuwa lokacin ta fara zama a kujera, ta ce in turo mata.

Kwana tara ta yi da shi. Ya dawo an zaftare masa shafi arba'in. Duk wuraren da na fi so, inda na ji na zuba Turanci, babu su. Na kwana biyu ba na cin abinci sosai, ina zagaya falo ina cewa matata wannan zalunci ne. A rana ta uku mai shari'a ya kira ni da kansa, ba Talata ba ce ma, kuma a karon farko fuskarsa ce ta fito ba kunne ba.

"Na ji an yi maka aski," ya ce.

"An yi, ranka ya daɗe."

"Da zafi?"

"Da zafi."

"Karanta shi da babbar murya, sannan ka gaya mini wane layi kake so a mayar."

Na zauna a baranda na karanta tun daga farko har la'asar, ruwan sama yana ta zuba a kan layin jirgi. Na samu layi ɗaya da nake so a mayar. Na kira Mama na roƙe ta, ta saurara, ta ce a'a. Washegari na miƙa kundin yadda ta bar shi.